Na Kai Lissafin Malam Indiya

Tun da na dawo daga Indiya bakina bai huta ba. Ranar Lahadi matan zumunta su tare ni a ƙofar coci, ranar Litinin abokan aiki su tare ni a barandar sashenmu a Samaru. Har mai ɗinkina ta unguwar PZ sai da ta ajiye almakashi, ta ce sai na gaya mata ko da gaske ne can kowa ya iya rawa. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa ina ba kowa ɓangaren da ya dace da shi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da na so in tsallake. Duk wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Sunana Rifkatu. Ƙaramar malama ce ni a sashen Fiziks na jami'ar da ke Samaru, ina kuma karatun digirin dakta a hannun Farfesa Tanimu, wanda mu ɗalibansa muke ce wa Malam kawai. Aikinmu a kan filasma yake. Idan aka ɗura wa iska wutar lantarki har ƙwayoyinta suka rabu gida biyu, masu nauyi da ake kira ayon da marasa nauyi da ake kira ilektiron, abin da ya fito shi ne filasma. Shi ne a cikin rana, shi ne a cikin walƙiya. A cikinsa ayon suna tura juna, turin ya riƙa tafiya kamar yadda sauti ke tafiya a iska. In wutar da ke ratsawa kaɗan ce, tafiyar tana da tsari. In ta wuce wani mizani, sai tsarin ya watse, komai ya hargitse. Masu son su riƙe filasma da maganaɗisu don su samar da wutar lantarki, wannan hargitsin yana cikin abubuwan da ke hana su barci.

Malam ya kusa shekara talatin yana lissafin daidai inda hargitsin ke farawa idan aka ƙara ƙarfin maganaɗisu. Da alli da allo ya yi shi duka, domin ba mu da na'urar da za a gwada. Duk sanda ya aika aikin waje, amsar ɗaya ce: lissafi ya yi kyau, ina awo? Ga shi ƙarshen zangon nan zai ajiye aiki. Sai wata cibiyar bincike a yammacin Indiya, kusa da Ahmedabad, ta yarda in je in yi wata biyu, a koya min na'urarsu, sannan a bar min ita a makonni biyun ƙarshe in auna lissafin Malam. In na dawo hannu biyu, zai tafi gida bai san ko abin da ya ba rayuwarsa gaskiya ba ne, ni kuma digirina ya ci gaba da zama a kan takarda. Ranar da na je sallama bai yi dogon bayani ba. Ya yi min addu'a, ya ce in je in gano mana.

Mama ce ta haɗa min kaya a gidanmu na Unguwar Gabas, kuma ba ta nemi shawarata ba. Kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, daddawa, kilishi, duk ta cusa su tsakanin zannuwa. Na ce mata can ma ana cin abinci. Ta ce ita ba ta ce ba a ci ba, ta ce dai ba ta san me ake ci ba. Ta raka ni har tashar mota ta Kwangila, ta tsaya sai da ta ga direban motar Kano ido da ido, ta gaya mishi 'yarta ce ya ɗauka, ba buhun masara ba.

Daga Kano jirgi ya kai mu Addis Ababa, inda muka yi doguwar jira. A nan na gane Hausawan da ke zuwa Indiya kashi biyu ne, 'yan kasuwa da marasa lafiya. Wata Hajiya 'yar Fagge, da za a yi wa aikin gwiwa, ta matso kusa da ni ta tambaye ni a hankali me ke damuna. Na ce lafiyata ƙalau, karatu zan je. Ta sa na yi mata bayani, na yi iya ƙoƙarina, ta saurara da kyau. Da na gama sai ta juya ta sanar wa duk jerin kujerun cewa wannan yarinyar tamu ce, likitar wutar lantarki ce, Indiyawa ne suka aiko a kira ta. Na so in gyara maganar, amma gaskiya ta yi min daɗi, sai na bari. Ladan da na biya shi ne na zama tafintarta har Mumbai, ni ce mai cike mata takardu, ni ce mai neman mata ruwan zafi.

A Mumbai aka fara da katin rigakafin ciwon shawara, aka juya shi gaba da baya kamar ana neman aibinsa. Sannan aka buɗe akwatina. Kilishi ko gardama ba a yi ba, aka ce nama ba ya shiga, na tsaya ina kallo aka jefa shi a kwando. Da jami'in ya kwance ƙullin daddawa kuwa, sai ya ja da baya. Ya tambaye ni mene ne, na ce kayan miya ne. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sansana, suka yi shawara da yarensu. Ina jin rashin wanda zai yarda ya ajiye ta a ofishinsa ne ya cece ta, domin da sauri suka ɗaure suka mayar min.

Daga Mumbai na wuce Ahmedabad. Masaukina ɗaki ne a gidan baƙi na cibiyar, mai tsabta, da fanka da ruwan zafi. Garin kuwa bai yi min baƙunta yadda na zata ba. Keke mai ƙafa uku ya cika titi kamar ina Sabon Gari, har gudun ganganci da oda iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta shanu ne. Saniya za ta kwanta a tsakiyar titi, ba makiyayi ba sanda, manyan motoci su riƙa kewaye ta cikin ladabi. Na tuna yadda direbobinmu ke yi wa garken Fulani ihu a hanyar Funtuwa, na yi dariya ni kaɗai. Sai kaɗa kai. Ka tambayi mutum abu, ya karkaɗa kai hagu da dama, kai ba ka san ya yarda ba ko ya ƙi. Na yi kwanaki ina maimaita tambaya kafin na gane yawanci yarda ce.

Abinci ne ya so ya kayar da ni. Mutanen yankin ba su cin nama, ko ƙwai da yawansu ba su taɓawa. Wannan da sauƙi. Abin da na kasa yafewa shi ne sukari a miya. Miyar wake ce mai kyau, ga yaji ga tsami, sai kuma ka ji zaƙi ya biyo baya kamar an yi ɓarin shayi a tukunya. Mai dafa abincin gidan baƙin, wata dattijuwa da ba ma jin yaren juna, ta lura ina ture kwano. Wata rana ta kawo min wata gurasa mai kauri, baƙa-baƙa, da nono tsinkakke a kofi. Ina gutsura na ji gero ne, geronmu sak. Na ce mata gero, ta ce bajri, muka yi ta maimaita wa juna muna dariya. Daga baya ta bar ni na shiga kicin na kaɗa miyar kuka. Ta ɗanɗana don kara, ta kaɗa kai, wannan karon kuma na tabbata ba yarda ba ce.

Shugabar ɗakin gwajin sunanta Dakta Kavita, 'yar siririyar mace mai furfura, ba ta da yawan magana. Mai kula da na'urar kuma Pravin ne, amma kowa Pravin-bhai yake ce masa, kamar yadda za mu ce Yaya wane. A ƙofa ake cire takalmi, kamar za a shiga ɗakin surukai. Na'urar doguwar tukunyar ƙarfe ce a kwance, ta kai tsawon motar bas, an zagaye ta da manyan zobba na waya masu ba da maganaɗisu. Famfuna suna zuƙe iskar cikinta har ta kusa ƙarewa, a saka 'yar iskar argon kaɗan, a ba ta wuta. A jikinta akwai 'yar taga ta gilashi. Ranar da Pravin-bhai ya kunna ya ce in leƙa, na ga wani haske ruwan shunayya a miƙe daga wannan kai zuwa wancan, shiru, ba ya ko rawa. Shekara nawa ina rubuta sunan abin nan a allo ina koya wa yara. Na yi kuka, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Na koyi aikin da sauri, wannan ba yabon kai ba ne, Dakta Kavita ce ta faɗa. Akwai wata siririyar waya kamar allura da ake turawa cikin filasman, ita ke jiyo kaɗawar ayon ta aiko wa kwamfuta. Cikin 'yan makonni na iya saita ta ni kaɗai, na iya bambance kaɗawar gaske da hayaniyar wayoyi. Ɗaliban wurin da suka fara yi min magana a hankali kamar mai koyon Turanci suka koma kawo min lissafinsu in duba. Duk wanda ya tambaye ni inda na koya, sai in ce a Samaru, a wurin Farfesa Tanimu, in faɗi sunan da kyau yadda za su riƙe.

Yanzu ga wurin da na so in tsallake.

Ranar Juma'ar da makonnina biyu za su fara Litinin ɗinta, ana wani babban bikin rawa a garin, kowa ya tashi da wuri. Ina da sauran aiki, sai Dakta Kavita ta miƙa min makulli ta ce in rufe in na gama. Ba a taɓa ba baƙo makullin ba, na sani, kaina ya yi girma. Da yamma na tattara kayana, na kashe kwamfuta, na kashe fitilu. Sannan na yi abin da duk ɗan sashenmu yake yi ba tare da tunani ba. Na bi bango ina kashe soket ɗaya bayan ɗaya. A Samaru doka ce. Tun ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi ta ƙone mana na'urar awo guda ɗaya tilo da muke da ita, Malam ya ce wanda ya fita ƙarshe ya kashe komai daga bango, ko cajar waya ce. A can ƙuryar ɗakin na ji wani ƙaramin inji yana ta gurnani shi kaɗai. Har na yi tsaki a raina, na ce dubi manyan masana sun manta da inji a kunne. Na kashe shi, na rufe ƙofa, na tafi kallon rawa da zuciya fara.

Famfon zuƙe iska ne. Ba a kashe shi, dare da rana, shekara da shekaru. Da ya tsaya, iska ta koma cikin tukunyar, ta ja man famfon ta shafe cikin da shi.

Ranar Litinin na tarar da su tsaye cirko-cirko. Ba wanda ya ɗaga murya, kuma da sun yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Na ce ni ce. Dakta Kavita ta dube ni ta ce, “Me ya sa?” Ba da fushi ta tambaya ba, so take ta sani. Na gaya mata yadda wuta take a wurinmu, da na'urar da ta ƙone, da dokar Malam. Pravin-bhai ya ce a ƙauyensu ma haka uwarsa take yi har gobe, ko rediyo ba ta bari a jone. Wannan ya ɗan sassauta ɗakin, amma bai wanke tukunya ba. Sai an kwance ta, an goge cikinta, an sake zuƙe iskar na kwanaki. Bayana kuma akwai wasu masu bincike da aka riga aka ba lokaci, ba za a ɗaga musu ba. Makonni biyuna suka koma kwana uku.

Da la'asar na kira Mama ina kuka. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “To ke da kin kashe, ba sai ki kunna musu ba?” Na yi dariya cikin hawaye. Malam kuwa ban kira shi ba, ban san da wane baki zan fara ba.

Ni na shiga cikin tukunyar, domin na fi kowa ƙanƙanta. Na yi kwanaki a kwance a ciki da tsumma da sinadarin gogewa, Pravin-bhai yana miƙo min fitila yana ba ni labarin auren 'yarsa. Dakta Kavita ta kira ni ofis ta ce kwana uku ba za su isa ba. Al'adarsu ita ce a fara daga ƙaramin maganaɗisu a riƙa hawa kaɗan-kaɗan, kowane mataki a maimaita shi, a tsaya a duba, sannan a wuce. Ta ce in auna ɗan abin da ya samu daga ƙasa, in nemi dawowa baɗi. Na ce mata baɗi Malam yana gida.

Na roƙe ta ta bar ni in yi irin aikinmu. A Samaru ba ka san ko wutar da aka kawo za ta kai awa ɗaya ba, don haka ba ka fara tunani bayan ta zo. Komai a shirye yake tun tana ɗauke, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ake fara yi. Na ce zan auna can ƙasa, in yi tsalle can sama, in dawo tsakiya, sannan in riƙa cike giɓi, yadda ko a ina aka tsaya akwai hoton abin gaba ɗaya. Ba ta so ba. Ta ce na'ura ba ta son tsalle-tsalle, kuma tana da gaskiya, sai da muka yarda cewa bayan kowane tsalle zan koma in sake auna wuri guda don a tabbata ba abin da ya goce. Kwanakin da ake zuƙe iska ban zauna ba. Ni da Pravin-bhai muka riƙa gwada komai da na'urar a kashe, wa zai murɗa me, wa zai karanta me, har hannuwanmu suka haddace.

Da aka kunna, ba mu ɓata ko shan shayi ba, kuma wanda ya san mutanen nan da shayi ya san ba ƙaramar sadaukarwa suka yi ba. Na ɗora layin lissafin Malam a kan kwamfuta, kowane awo ya fito sai ya zama ɗigo. Ɗigon farko ya sauka a kan layin. Na tsakiya ma ya sauka a kai. Ina ƙara wuta ina kallon kaɗawar tana tafiya da tsarinta, sai in ga ta watse daidai inda wani dattijo ya ce za ta watse, da alli, a wani ɗaki mai tsagaggen allo a Samaru. Dakta Kavita ta zo ta tsaya a bayana ta daɗe. Ta tambaye ni ko da gaske bai taɓa aiki da na'ura ba. Na ce ko sau ɗaya. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, har wuyana sai da ya yi tsawo.

Amma ɗigon can sama bai sauka a kan layin ba. Na ce kuskurena ne, na sake. Ya koma inda yake. Da muka cike giɓin sai abin ya fito fili: daga ƙasa har tsakiya Malam ya yi daidai, amma idan maganaɗisu ya yi ƙarfi sosai, hargitsin yana jinkiri, ba ya zuwa inda ya ce. Ɗigogin suka rabu da layinsa suka kama hanyarsu. Dakta Kavita ta ce nan ne ma wurin da ya fi daɗi, ta ce da mun bi a hankali daga ƙasa da ba mu kai nan ba. Pravin-bhai ya kawo alewar madara ya raba wa kowa. Ni kuwa na ci ne kawai, raina yana wurin mutumin da zan je in gaya wa rabin aikinsa bai tsaya ba.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, domin ban ga komai ba. Daga Mumbai har Kwangila jimla ɗaya nake juyawa a kaina, ina neman yadda zan faɗe ta ba ta yi ciwo ba. Mama ta tarbe ni da tuwo da miyar da ba sukari, ta ce na rame, ta tambaya ko an kunna injin.

Washegari na tafi Samaru. Na sami Malam a ofis yana ɗaure littattafansa a kwali, rabin kantocin sun zama fayau. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can, ya tambayi Mama. Bai tambayi awo ba, ni ma na san kunya ce irin tasa, sai na ciro takardar na ɗora a tebur. Na fara da famfon, don in gama da shi. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe dokarsa ta ƙetare teku. Sannan ya sa tabarau ya sunkuya.

Ya bi ɗigogin da yatsa daga ƙasa, a hankali, yana tsayawa a kan kowanne. Da ya kai inda suka rabu da layin, yatsan ya tsaya. Duk jimlolin da na shirya suka gudu. Na ce, “Malam, daga nan bai bi ba. Na maimaita, bai bi ba.”

Ya tambaye ni sau nawa na maimaita, da yadda na tabbatar allurar ba ta goce ba. Na ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, kamar ina gaban masu jarrabawa. Ya cire tabarau ya goge idonsa da gefen babbar riga.

“Rifkatu,” ya ce, “shekara talatin ba wanda ya taɓa ce min na yi kuskure. Ba don ban yi ba. Ba wanda ya ga aikin ya kai a duba shi ne.”

Ya miƙe, ya ɗauki takardar, ya fita baranda ko hula bai gyara ba. Ina tsaye a tsakiyar kwalaye na ji shi yana bin ofisoshi yana ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, “Ku fito ku ga inda ɗalibata ta kama ni.”